Ƙaramar Monitar Da Ta Raba Ni Da Ɗan Kawuna

Edita, a ƙarshen shekarun casa'in ni saurayi ne mai zanen allon talla, na baro Zariya na zo Suleja neman na kaina. Ina haya a unguwar Hashimi, kuma duk mai shagon da ke son a rubuta masa suna da fenti a saman ƙofa ya san inda zai same ni. Ba zan yi ƙaryar tawali'u ba, hannuna yana da kyau, idona kuma ya fi hannun. Ina iya kallon launi in faɗa maka abin da aka haɗa aka samo shi. Wannan baiwa ita ta ciyar da ni, ita kuma ta sa mini girman kan da ya kusa raba ni da ɗan'uwana har abada.

Ɗan kawuna ne, tare muka taso a gida ɗaya, shi ya riga ni zuwa yana aikin masinja a wani ofis a Abuja. Can ya ga kwamfuta ya kamu da sonta. Shi ya zuga ni na je na koya, sannan muka haɗa ƙarfi muka kama shago. Shirinmu mai sauƙi ne: da safe in yi zanen katin biki da kalanda da gyaran hoto, da yamma samari su zo su buga gem ɗin tseren mota da na dambe su biya. Mun sayi komai na gwanjo, har da sikana mai shigar da hoto cikin kwamfuta da firinta mai buga shi a takarda, saura monita, wato allon da ake kallo. Muka tafi wajen wani mutumin kudu da ke shigo da irin waɗannan kaya, muna tafe muna raha, ba mu san a can za mu ɓata ba.

Mutumin ya kunna mana guda biyu. Ɗaya ƙatuwa ce, launinta na walƙiya, ja ya yi ja har yana cizon ido. Ɗayar ƙarama, launinta a kwance, ba ta da wani armashi. Ɗan kawuna na ganin babbar ya fara murza hannu, mai kayan kuma yana ta zuba masa Hausarsa mai haɗe da Turanci, wai ko a Abuja ba kowane oga ke da irinta ba. Ni kuwa sai na ce ya buɗe mana hoton mutum baƙar fata a kan kowacce. A babbar, fuskar ta zama dunƙulen duhu ɗaya, ido da haƙora kawai ke haske. A ƙaramar na ga goshi, na ga inuwar hanci, na ga inda kumatu ya lotsa. Nan take na ce ƙaramar za mu ɗauka, domin mutanen da zan gyara wa hoto ba Turawa ba ne.

Ɗan kawuna ya ce yaran gem ba ruwansu da inuwar hanci, girma suke so da ƙyalli, kuma su ne za su riƙa biyan kuɗin haya kafin zanen nawa ya kama. Gaskiya ya faɗa, yau na san haka. Amma a ranar, gaban mai kaya da masu jiran layi, na dube shi na ce masa mai ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur ba shi zai koya mini launi ba. Wallahi har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ya sa hularsa ya fita, kuma cikin makon nan ya zare hannunsa daga shagon, ya sayi babbar, ya buɗe nasa a tsallaken titi, daidai inda zan riƙa ganinsa kullum.

Daga nan na shiga wahalar da ban taɓa shiga ba. Shagonsa kullum cike, ihun samari har bakin titi, ni kuwa ina zaune da ƙaramar monitata muna kallon juna. Masu wucewa suna leƙowa su tambaye ni ko talabijin ɗin 'yar tsana ce na sayo. Mai shayin layinmu ya sa mini suna Malam Inuwar Hanci, sunan ya bi ni har masallaci. Akwai lokacin da na koma fenti da buroshi don in samu na tuwo. Kawuna ya aiko daga gida cewa ya ji labari, mu ji tsoron Allah mu shirya, amma kowa ya ƙi sauke kai. Mukan haɗu a sahu ɗaya, a yi sallama, kowa ya nemi takalminsa ya kama gabansa. Sau da yawa na yi niyyar sayar da monitar in huta, sai in kunna ta in ga yadda take nuna fuskar mutum kamar yana gabanka, in fasa. A kan wannan dai ban yi kuskure ba, kuma ina alfahari da cewa yunwa ba ta sa na canja ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina goge tebur sai na ga inuwa a ƙofa. Ɗan kawuna ne, tare da wani dattijo manomi daga ƙauyen Iku, dattijon yana riƙe da wani abu a naɗe cikin leda. Hoton mahaifinsa ne da ya rasu tun dattijon yana saurayi, hoton nan kaɗai gare shi a duniya, ɗan ƙarami, ruwan ɗaki ya zubo masa ya dushe. Jikoki sun taso suna tambayar kamannin kakansu. An ce masa masu kwamfuta na iya farfaɗo da hoto, sai ya nufi shagon da ya fi cika. Ɗan kawuna zai iya karɓa ya kai wani wuri, ko ya ce masa ba a yi. Maimakon haka ya tsallako titi da ƙafarsa, ya tsaya bai kalle ni ba, ya ce, "Yaya, wannan aikin allonka ne, ba nawa ba."

Na sa hoton a sikana. Da ya fito a allon, na shiga ɗaga duhun a hankali, kaɗan-kaɗan, don kada fuskar ta wanke ta koma toka. Sai ga rawani, sai ga gemu, sai ga wani siririn layi a kumatun hagu wanda da farko na ɗauka tabon ruwa ne, har na kai hannu zan goge. Na ƙara dubawa na ga yana bin lanƙwasar fuska, na gane bille ne, na bar shi. Da takardar ta fito na miƙa wa dattijon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan billen ya ce, "Baba ne." Ya juya mana baya yana share ido da bakin riga, mu ma duk muka sunkuyar da kai.

Bayan ya tafi na riƙe hannun ɗan kawuna na roƙe shi gafara a kan maganar da na yaɓa masa. Ya yi dariya ya ce ai masinja ya saba kai saƙo inda ya dace. Ba mu sake haɗa shago ba, kuma hakan ya fi mana. Shi ya ci gaba da gem, ni kuma dattijon nan ya baza labarina a ƙauyuka, aka riƙa kawo mini tsofaffin hotuna daga Zuma da kewaye har na ɗauki ma'aikata.

Abin da na koya shi ne, kowane allo da aikinsa. Mai neman na wasa ya nemi girma da ƙyalli, babu laifi. Mai aikin zane da hoto kada ƙyalli ya ruɗe shi, ya sa a nuna masa fuska irin tamu kafin ya biya. Amma babban gargaɗina ga matasa masu haɗa sana'a da 'yan'uwa shi ne su kula da harshe, domin magana zarar bunu ce. Ni na fi shi sanin launi, ina kuma alfahari da hakan har gobe. Sai dai duk gwanintata, titin da ke tsakaninmu ban iya tsallaka shi ba, wanda na wulaƙanta ne ya tsallako.