Sun goge salular Madam Tabawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 15 ga Afrilu Allah Ya karɓi ran Madam Tabawa, malamarmu ta fizik a kwalejin Urno, bayan gajeriyar jinya a Madawa.

Madam, ni ce Lantana, ta bencin baya, wadda ba ta ɗaga hannu. Ranar da kinka kama ni ina karatun littafin soyayya a salular innata, na zaci kora ce. Sai kinka duba, kinka ce, "To, wannan saurayin naki da ke tsaye cikin ruwan sama, in tsawa ta faɗo, haske zai fara gani ko ƙara zai fara ji?" Aji ya yi dariya, ni kuwa na kwana ina tunani. Washegari kinka tura mini bidiyon farko.

A Urno rezo, wato sabis na waya, sai an hau tudu. Ke ce ke hawan kabu-kabu zuwa Madawa duk ƙarshen mako, ki sauko da darussan da ake bayarwa kyauta a intanet, ki zaɓe masu sauƙin Faransanci, ki jera su daidai da karatunmu. Kwalejinmu ba ta da ɗakin gwaji. A salularki munka fara ganin yadda lantarki ke bin waya.

Wannan salular ce anka goge tun ba a yi addu'ar uku ba. Mun je gaisuwa, Samira 'yar ajinmu ta tambayi wanki Isufu ko za a ba mu aron salular, tunda jarrabawar BEPC ta matso. Ya ce, "Wace salula? Bidiyo ne cike, har da kiɗa a farkonsu. Na sa an wanke ta tas, kar su bi ta kabari. Ku yi mata addu'a, 'yan mata."

Bai kalli ko ɗaya har ƙarshe ba. Bai tambayi kowa ba. Aikin shekaru, Madam, an share shi kamar ƙazanta, har ana sa mishi albarka. Na so in ce mishi abin da ya goge shi ne zai riƙa kai miki lada. Bakina ya ƙi buɗewa, kin san ni. Shi ya sa nike rubutawa, kuma ina so ya karanta.

Jiya mun haɗa salulolin gidajenmu muna neman darussan da kinka tura mana. An samu na haske da na nauyi, na lantarki babu ko ɗaya, kuma shi ne ba mu gama ba. Ranar Asabar ni za ni Madawa in nemo shi, ko da yake ban taɓa shiga mota ni kaɗai ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya rubuta miki ladan kowane darasi, wanda ya saura da wanda anka goge. Ina yi wa mahaifiyarki da 'ya'yanki ta'aziyya. Malam Isufu ma Allah Ya ba shi haƙuri, mu kuma Ya ba mu haƙurin abin da ya yi.