Alƙaluman Ƙiryar Gonarmu

A shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, iskar farkon damina ta kayar da ƙiryar da ke tsakiyar gonar mahaifinmu, can bayan Doguwa. A gindinta muke shan fura muna yara idan an je noma, a nan kuma marigayi yake shimfiɗa buzunsa ya yi azahar. Yayanmu, wanda gonar ke hannunsa, ya bugo mini waya ya ce masu gawayi za su zo su sassare ta. Na taso daga Tudun Wada, inda nake zaune, na roƙi reshe guda mai kaurin cinya na ɗauro shi a achaɓa.

Mu biyar muka rage a gidanmu. Niyyata in yi wa kowa alƙalami da itacen, irin wanda ake zura bututun tawadar biro a cikinsa, in raba musu idan mun haɗu da Babbar Sallah. Na taɓa ganin irinsa a hannun wani jami'i da ya zo duba makarantarmu, ya kuma zauna mini a rai.

Aka kwatanta mini wani dattijon kafinta a Kiru, mai injin da ke juya katako ana fere shi, wanda yake yin ƙafafun gado da shi. Ya ɗaga reshen, ya ƙwanƙwasa da yatsa.

"Malam, ɗanye ne. Ka bar shi ya shekara."

"Sallah saura wata biyu," na ce.

"Itacen bai san da Sallah ba."

Ban saurare shi ba. Na matsa masa ya yanka mini guntaye shida, ya nuna mini yadda ake riƙe ƙarfen fera, don na rantse da hannuna zan yi. Sun fito sumul, jajaye kamar goro. Kafin sati ya zagayo duk sun tsage daga sama har ƙasa. Na jera su a kan tabarma ina kallo, har matata ta tambaye ni ko a ba ta su ta hura wuta.

Sauran reshen ya kwana shekara a ƙarƙashin gadona. Da na koma Kiru, sai matsalar wutar lantarki. Sau uku ina shiga mota in isa, in tarar da injin a tsaye, kafinta yana gyangyaɗi a kan benci. Ranar da aka kawo wutar, ƙiryar ta bushe ta yi tauri kamar dutse, tana dakushe ƙarfe. Hujin tsakiya ya fi komai ba ni wuya: in fara daidai, ƙusar injin ta karkace ta ɓullo ta gefe.

"Dannawa kake yi kamar alli a allo," in ji kafinta. "Kawo in yi maka."

Na ƙi. Guntaye tara na lalata kafin na samu biyar. Na goge su da samfefa har yatsuna suka yi ja, na shafe su da man kaɗe, na naɗe kowanne a farin ƙyalle.

Ranar Sallah, bayan an gama rabon nama a gidan Yaya, na fito da su, na faɗi daga inda itacen ya fito. Yaya ya juya nasa a hannu.

"Madalla. To, ina murfinsa? Ai zai ɓata mini aljihu."

Ya miƙa wa matarsa ya ce ta adana, ya ci gaba da maganar takin zamani. Ƙanena, mai noman rani a bakin Tiga, ya yi godiya sosai, sannan ya tashi ya bar nasa a kan tabarma. Ni na bi shi da shi har bakin titi. Ƙanwata da ke aure a Ƙofa ita kaɗai ta shafa nata, ta soke a ɗankwali. Na ce a raina ko ba komai mutum ɗaya ya gane.

Bayan wata biyu na je Ƙofa duba ta. Na same ta a tsakar gida tana yi wa maƙwabciyarta kitso, alƙalamin a hannunta tana tsaga da shi. Ta zare bututun tawadar ta yar.

"Yaya, wallahi ban taɓa samun abin tsaga kamarsa ba. Mata uku sun ce ka yi musu."

Na sha ruwan da ta kawo mini.

Nawa kuwa na yi rubutu da shi kwana goma sha wani abu tawadar ta ƙafe. Da na zo canza bututun, sai na tuna shi kaɗai na cika wa gam don kada ya yi motsi. Na ja da haƙori, na ja da filaya, bakin ya tsinke ya bar sauran a ciki. Wannan da nake rubutawa, da biron shagon ƙofar gidana nake rubuta shi.