Yaya Pu da Dutsen da Ya Juya Baya

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, 'yarka Xiuzhen ta buga mini waya cewa ka cika da hantsi, a gidanka na bakin ruwa a birnin Suzhou. Pu Genlin, shekara tamanin da ɗaya. Na ajiye kofin shayi.

Tare muka koyi jera duwatsun lambu a hannun Tsoho Kuang. Kai ne babba, don haka nake ce maka Yaya. Kakan yi kwana uku kana zagaya dutse guda, kana shafa shi da tafin hannu, kafin ka yarda a ɗaga shi. Ka ce kowane dutsen tafki yana da fuska da ƙeya, kuma ba a nuna wa mai zaman rumfa ƙeya. Ni kuwa ɗan gaggawa ne, ka sani.

Shekarar da muka gyara tsohon lambun attajirin siliki, na kafa wani babban dutse ƙeyarsa na kallon rumfar shan shayi. Aka ɗora duwatsu shida a kansa kafin Tsoho Kuang ya gani. Ya ce duk wanda ya yi, ya tattara ya koma ƙauye noman shinkafa. Matata na da tsohon ciki lokacin. Na sunkuyar da kai, sai na ji muryarka: “Malam, ni ne.”

Bai kore ka ba, amma ya hana ka ɗora dutsen ƙoli, wanda shi ne darajar magini. Ni ya ba. Shekara arba'in masu ziyara suna kiran tarin duwatsun da sunana, tsaunin Rong, ina amsawa ba kunya.

Da na je duba ka a watan jiya, na fara maganar dutsen nan. Ka katse ni: “Kai Rong, tsufa ya sa ka surutu. Ɓare min lemon nan. Har yanzu ba ka san gaba da baya ba, shi ma ta gindi za ka fara.” Muka yi dariya, na dawo gida ina hawaye.

Yaya, ina kewarka ƙwarai. Ubangiji ya yi maka rahama, ya sanyaya makwancinka. Ga matarka Afeng da jikokinka, Allah ya ba da haƙuri.

Xiuzhen, ranar da muka ci awarar makoki bayan jana'iza na kasa faɗa miki, shi ya sa na rubuta. Mahaifinki bai taɓa kafa dutse a juye ba. Ni ne.