Wa Zai Ɗaga Tabarmar Fuatino

Fuatino masaƙiya ce, kuma duk ƙauyukan bakin tekun nan na tsibirin Upolu babu wadda ta kama ƙafarta. Ba tabarmar zama nake nufi ba, a'a, tabarmar alfarma mai laushi kamar zane, wadda ake shekara ana saƙa guda, a fito da ita ranar biki ko mutuwa ko neman gafara. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗa tilo, Lafaele, da tsohuwar a-kori-kura da ake kai gwaza kasuwar birnin Apia. Yaron akwai fara'a, akwai kyauta, amma da ya ga kwalbar giya shi ke nan, an yi asarar mutum.

Ƙuruciyarta duk a gadinsa ta ƙare. Ta shara wa Fasto ƙarya, wai zazzaɓi ke hana shi zuwa coci. Ta wanke amai, ta bi gidaje tana ba da haƙuri. Babban aikinta kuwa ranar Asabar ne: da ya fara sha sai ta sace makullin motar ta cusa cikin kwandon ganyen saƙa, ta zauna daram a kai. Ya yi magiya, ya yi zagi, wata rana har ya ture ta ta bugu da turken gida, amma makulli bai fito ba.

A motar haya ta haɗu da Palepa, wata mai dariya da ƙarfi daga ƙauyen da ke gaba da nasu. Palepa ta dubi kumburin goshinta ta ce, "Yaya, turke ne ko ƙofa? Ni nawa mijin ƙofa yake cewa." Ita ta ja ta zuwa taron Laraba, a wani ɗaki bayan coci a Apia. Mata ne zalla sai wani tsoho guda, kowa da mashayinsa a gida. Ana shan koko, ana kuka, ana dariya. Doka ɗaya ce: abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake mutuwa.

Ranar da Fuatino ta ba da labarin kwandon, Palepa har da riƙe ciki. "Kai, Yaya! Kin zama kaza ke nan, kina kwanci a kan makulli? Yaushe zai ƙyanƙyashe?" Da dariya ta lafa sai ta kama hannunta. "Ba ke kika ɗora masa ba, ba ke za ki raba shi da ita ba. Ƙato ne da gemunsa. Bar masa makullinsa ki huta."

Ta bari. Kuma gaskiya ta huta, har kumatu ta yi, saƙarta ta riƙa sauri. Da ta gaya wa taron aka tafa mata, tafin Palepa ya fi na kowa ƙara.

Wata Asabar da la'asar Lafaele ya taso daga Apia a buge. Hanya ɗaya ce ta bi bakin teku, kuma a gefenta Siniva, ƴar Palepa, take sayar da kwakwa a kan tebur. Ya kwashe tebur da yarinya gaba ɗaya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ƴan sanda suka tafi da shi yana tambayar me ya faru.

Kafin rana ta faɗi samarin dangin Palepa sun fara wasa adduna. Kowa ya san abin da ya rage: ifoga. A je ƙofar gidan mutane a zauna, a lulluɓe da tabarma, a jira. In sun ɗaga, an yafe. In ba su ɗaga ba, gidan Fuatino wuta, danginta kuma su bar garin da aka binne kakanninsu. Yayanta Aleki shi ne shugaban dangi, shi ya kamata ya shiga ƙarƙashi, amma ciwon suga ya cinye masa ƙafa guda.

"Ni na haife shi," in ji Fuatino. "Ni zan zauna."

Ta ɗauko tabarmar da ta fi kowace, wadda ta ajiye don ranar jana'izarta. Da asuba suka isa. Suka jibge itace da duwatsun gasa nama da ganyen ayaba a gaban gidan, wato ga mu, in kun so ku gasa mu kamar aladu. Ta durƙusa a kan tsakuwa, aka rufe ta.

Wayyo, zafin da ke ƙarƙashin tabarmar nan! Rana ta ɗaga, gumi ya shiga idonta, gwiwoyinta suka mutu. Ba ta ganin komai sai haske ta ramukan saƙarta, amma kunne yana ji. Tana jin kukan mata a ciki, tana jin muryar mijin Palepa, wanda ko a makokin ƴarsa harshensa ya yi nauyi da giya. Tir! Sai wata gwaggon yarinyar ta fito ta tsaya a kanta.

"Uwar banza! Da kina ɓoye makulli, duk gari an sani. Uban wa ya ce ki daina? Faɗa mana, wa ya ce ki daina?"

Amsar tana kan harshen Fuatino, kalma ɗaya tak. Da ta furta, da rabin wutar nan ta koma cikin gidan da ta fito. Ta ji haushi, ta ji tsoro, har ta buɗe baki. Sai ta tuna ɗakin bayan coci, da ƙamshin koko, da hannun da ya kama nata. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini, ta haɗiye kalmar.

Gwaggon ta maimaita tambayar da ƙarfi, yadda na cikin gida za su ji. Kuka ya tsaya a ciki. Dattawa ba su gama shawara ba, ɗaga tabarma kuma ba hurumin mace mai makoki ba ne, amma sai ga takun ƙafa ba takalmi a kan tsakuwa. Wani ya ce, "Palepa, dawo!" Ba ta dawo ba. Haske ya bugi idon Fuatino, iska ta taɓa wuyanta.

Palepa ta tsufa a kwana ɗaya. Ta tsuguna, tabarmar a ƙirjinta, ta yi magana can ƙasa-ƙasa. "Me ya hana ki faɗa, Yaya? Ni ce na ce."

"Ba ke kika sha ba," in ji Fuatino, muryarta a dishe. "Ba ke kika tuƙa ba."

"Haka muke cewa ranar Laraba," in ji Palepa.

An ɗaga tabarma, ba a mayar da ita. Dattawa suka haɗiye fushinsu suka kira Aleki ciki, aka yi jawabai, samari suka mayar da adduna gona. Gida ya tsira. Tabarmar da Fuatino ta saƙa don tata gawar, da ita aka lulluɓe akwatin Siniva.

Da za a fita da gawar, sai Palepa ta gifta ta gaban Fuatino, ba ta kalle ta ba. Wani abu yana ƙara a ƙugunta duk taku. Fuatino ta duba, ta ga makullin motar mijin Palepa ɗaure tam a bakin zaninta.

Ranar Laraba Fuatino ta shiga motar haya ita kaɗai. A ɗakin bayan coci an zuba koko, an jera kujeru, an bar ta Palepa a inda take. Aka ce wa zai fara magana, kowa ya sunkuyar da kai.