Daga Dama Ya Fara

A ƙasarmu malamin boko Mushe ake ce masa. Kalmar Faransanci ce da bakin Bahaushe ya tauna, ba ruwanta da mushen da ungulu ke sauka a kai, amma a shekarata ta uku a Tanut sai na fara ganin sunan ya dace da ni. Lissafi aka turo ni koyarwa a lise, wato babbar sakandare. Ni ɗan Damagaram ne, can iyalina suke, can abokaina, kuma tun makon da na sauka nake rubuta takardar neman canjin wuri. Ko kayan akwatina ban taɓa kwashewa duka ba. In ina rubutu a allo na ji kukan babbar mota a kan titi, sai alli ya tsaya a hannuna har ta wuce.

Laraba da Asabar bayan azahar ina da wani aji na daban. Manya ne da suka daɗe da barin makaranta, suka dawo neman bak, jarrabawar ƙarshen lise. A cikinsu akwai wani mutum daga wani ƙauye na wajen Ollelewa, ya girme ni, kowa Malam yake ce masa. Alƙur'ani yake rubutawa da hannu, sana'ar gidansu ke nan, bokon ma sai da ya sauke aka sa shi. Ranar farko ya faɗa mini abin da ya kawo shi. An gina ɗakin shan magani a ƙauyensu, amma duk ma'aikacin da aka turo ba ya rufa shekara sai ya gudu. Shi yana son shiga makarantar aikin lafiya, ya dawo ya zauna a ɗakin nan. Makarantar tana da iyakar shekaru, bana ce damarsa ta ƙarshe. Na ce Allah ya ba da sa'a, na yi saurin canza magana, don batun masu gudu bai yi mini daɗi ba.

Fonksiyon muke yi a shekarar. Ba wani dodo ba ce, kamar injin niƙa take: ka zuba lamba, ta ba ka wata lamba. In ka jera abin da ka zuba a kwance, abin da ta bayar a tsaye, sai layi ya fito a takarda, wani wuri ya hau, wani wuri ya gangaro. Rabin aikin shi ne ka kalli layin ka ce ga inda yake hawa, ga inda yake sauka.

In aljabara ce, Malam ba ya da na biyu a ajin. Zai warware maka x da y layi bayan layi, da rubutun da har kunyar jan biro nake ji a kai. Amma da na zana layi na tambaye shi, sai ya ce sauka a inda ake hawa, hawa a inda ake sauka. Kullum haka. Mai canki-canki ma yakan dace wata rana, shi ko sau ɗaya bai taɓa dacewa ba. Malamin da hankalinsa ke jikinsa da tuni ya tsaya ya tambayi dalili. Ni gangar jiki ce kawai a Tanut, sai in ja masa jan layi in wuce.

Wata Asabar ina cikin haushi, don an ce takardata ba ta ko motsa daga inda na kai ta ba, ya sake juya mini amsa. Na ce, “Malam, in kai za ka riƙa duba zazzaɓin mutane, ranar da ya hau ita ce za ka sallame su gida.” Aji ya fashe da dariya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Mushe.” Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Wata biyar muka yi a haka.

Saura mako uku jarrabawa, bazara ta kai maƙura, kwanon ajin kamar tanda. Na zana layi, na koma na zauna, ƙiwa ta hana ni sake tashi. Na ce masa, “Zo ka bi shi da yatsa, ka nuna wa ƴan uwanka.” Ya taso, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa a ƙarshen layin ta hannun dama, ya biyo shi zuwa hagu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Tsaya! Daga ina ka fara?”

“Daga dama mana, Mushe.”

“Wa ya ce maka daga dama ake farawa?”

Ya dube ni da mamaki. “Ana fara abu da hagu ne? Faransanci dai na san daga hagu suke kamawa, na bi su. Amma wannan ai ba Faransanci ba ne, zane ne.”

Babu wanda ya yi dariya. Mutumin da ya yi shekaru idonsa da alƙalaminsa na tashi daga dama, wanda ko takalmi bai taɓa fara sawa da ƙafar hagu ba. Duk amsoshin da na ja wa jan biro daidai suke, in ka tsaya inda ya tsaya. Ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce daga hagu ake karanta layi ba, don ban san abin faɗa ba ne. Minti ɗaya ya ishe ni in gano wannan tun farkon shekara.

Makonni ukun nan ban ji kukan mota ko ɗaya ba. Kullum bayan la'asar muna ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin ajin, muna sake gina duk abin da ya hau kan kuskuren: ƙololuwar layi, gindinsa, inda ya fi sifiri, inda ya gaza. Shi ya samo wa kansa dabara, kafin ya kalli kowane zane sai ya rubuta “hagu” da ajami, ɗan ƙarami, a gefen takarda. Yana kamawa da sauri, ni kuma ina ta ƙirga kwanaki, ina zaga shi kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Yakan ce, “Zauna mana, Mushe, kai ne za ka rubuta?” A raina na san ihu ne bayan hari.

Ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci, ina tsaye a bayan taro a filin makaranta. Aka kai ƙarshe ban ji nasa ba. Ban neme shi ba, na sulale gida. Ba a yi mako biyu ba takardar canjina ta iso, abin da na shekara uku ina roƙo, na karɓe ta ba tare da wani daɗi ba.

Ina tasha, an ɗaure akwatina a saman mota, sai ga shi. Ashe ya ji labari, ya taso daga ƙauye da sassafe. Muka gaisa, na fara kame-kamen ba shi haƙuri, ya katse ni.

“Zanen ya fito, Mushe. Na rubuta haguna, na same shi daidai. Sauran ne lokaci bai ishe mu ba.”

Na ce, “Laifina ne, Malam. Da na duba tun farko…”

Bai ce laifina ne ba, bai kuma ce ba nawa ba ne. Tsugunawa ya yi, ya ja layi a ƙasa da yatsa, daga sama ta hagu ya gangaro har ƙasa ta dama. Ya ce, “Ga shekarata. A karatunka sauka ta yi.” Ya ɗago yana murmushi. “Ni kuwa ka san daga inda nake farawa.”

Direba ya yi oda, na shiga. Muka ɗauki hanyar Damagaram, ta wuce da ni gida kamar yadda na nema. Ɗakin shan maganin ƙauyensu, da na tambaya daga baya, an ce yana nan a rufe.