Shamuwar Yaya Habu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Yaya Habu ya ɗauki hanyar Baga da motar kifinsa, bai dawo ba. An tsinci motar a ƙone, ba a ga gawa ba. Aka yi masa salla babu makara, muka karɓi gaisuwa kwana uku. Ni ƙanwarsa ce, kuma har yau ban yi masa kuka ba. Ba taurin rai ba ne, hawayen ne ba su zo ba.

Gidanmu yana da tambari: shamuwa a tsaye. Kakanmu ne ya zo da shi daga Kano, ya sa aka sassaƙa a ƙofar zaure. Yakan ce shamuwa tana tafiya da rani, amma damina na sauka take komowa bishiyarta, kuma haka ɗan fatauci ya kamata ya zama. Yaya ya sa aka zana ta a jikin motarsa, yana kuma yin ta da gawayi a kan kowane kwalin banda. A Kasuwar Kifi, in an ga tsuntsuwar, ba a buɗe kwali don duba na ƙasa. Da ita aka gane motar, domin wuta ba ta ci murfin baya ba.

Kwanakin baya babban ɗan Yaya, Sadiƙu, ya kawo mini katin aurensa. A sama an buga mikiya da garkuwa da takubba biyu.

Na ce, "Ina shamuwar?"

Ya ce, "Gwaggo, mai buga katin ya ce ba ta da kwarjini."

Na ce katin ya yi kyau. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma sai ya tarar da mai koya masa.

Me Yaya zai ce? Wataƙila dariya zai yi, ya tambaya yaushe muka fara yaƙi. Ban tabbata ba. Muryarsa ma ta soma ɓace mini.

Ranar ɗaurin auren wani dattijo masunci, Ba Modu, ya zo ba tare da gayyata ba, ɗauke da kwandon busasshen kifi. Ya gaishe ni da yarensu, ya ce, "Wushe, Hajiya. Shekara ashirin Habu yana sayen kifina, bai taɓa raina ni ba." Ya sha ruwa, ya tafi.

Ina ji abin da ya rage ke nan. Ba mu da kabarin da za mu ziyarta, sai mutanen da ya mutunta. Muka yi miya da kifin, ta ishi kowa. Na ci loma biyu, na tashi na wanke hannu.