Seu Onofre Ba Ya Wuce Mai Ɗaga Hannu

Duk garinmu, Carmo do Ribeirão, babu wanda bai san ƙeyar Seu Onofre ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan bas daga nan zuwa São Bento das Águas, sau biyu a rana, mutane na zaune a bayansa suna ɓare lemo suna gulma. Ni ne mai yi masa aski, saboda haka na fi kowa sanin ƙeyar. Fuskarsa kuwa, da yawa sai da ya yi ritaya suka gano ashe yana da gashin baki.

Tun kafin ritayar ya sayi wata tsohuwar mota ƙirar Bitil, irin wadda muke kira Fusca, ya tuɓe mata jiki a bayan gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya bar ƙashin ƙasa da inji. A kan wannan ya ɗora jikin faiba mai siffar ƙananan motocin tseren Ingila na zamanin kakanni, marasa rufi, masu kujera biyu da dogon hanci. Hancin nan fanko ne, don injin yana can baya inda Allah ya ajiye shi. Shekara tara yana fama, matarsa Dona Cidinha kuma tana ajiye albasa a cikin hancin. Da ya gama ya shafa mata koren fenti. In ka hango ta daga nesa sai ka ce wani bature ne ya ɓata hanya, in ta matso ka ji ƙarar injin sai ka ce a'a, ta gida ce.

Abin da yake so a duniya guda ɗaya ne: ya shiga ƙungiyarmu ta masu irin waɗannan motoci. Mu ashirin da biyu ne. Tawa motar shekara huɗu ke nan tana warwatse a cikin kwalaye, amma ni cikakken ɗan ƙungiya ne, kuma ni na tsaya masa. Shugabanmu Doutor Laércio, likitan haƙori, mutum ne da ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya bayar. Ya kalli Onofre sama da ƙasa ya ce, "Direban bas? To, za mu gani."

Dokar shiga ba ta da wuya a baki. Ranar taron shekara ana fita a jere daga Carmo zuwa dandalin São Bento. Shugaba shi ne na ƙarshen tashi, yana ba kowa ratar rabin awa. Sabon shiga da ya isa dandali kafin shugaba, a ba shi tambarin tagulla ya manna a mota, ya zama namu. Wanda shugaba ya riga, sai baɗi, in an ga dama. Hanyar kilomita hamsin da biyu ce, kuma babu rami ɗaya a cikinta da Onofre bai san sunan ubansa ba. Sai dai ni na san inda matsalar take.

Mutumin nan ba ya iya wuce wanda ya ɗaga hannu. Ƙafarsa ce ke taka birki ba tare da ta shawarce shi ba. Kwana ma in zai sha, sai ya buɗe can waje kamar yana jan bas mai mita goma sha biyu a bayansa, alhali motar ba ta fi gadon mutum biyu ba.

Ranar Asabar sauran 'yan ƙungiya suna ta goge wayoyin taya da buroshin haƙori, ni kuwa na ja shi bayan coci don horo. Na tsaya a bakin titi na ce, "Compadre, aminina, zan ɗaga hannu, kai kuma ka wuce. Ka ɗauka ni itace ne."

Sau bakwai yana zuwa, sau bakwai yana tsayawa a gabana daidai, har da kunna sigina.

"Onofre, me na ce maka?"

"Na ji, Nivaldo. Ƙafar ce ba ta ji ba."

A na takwas ya wuce, amma ido a rufe, saura ƙiris ya kwashe shingen gidan fada, limamin cocin. Muka haƙura muka tafi shan kofi.

Lahadi da safe muka taru a gidan mai, kowa da hular fata da tabarau irin na matuƙan jirgin da, ana cin burodin cuku ana yabon motar juna da baki ana kushe ta a zuci. Onofre ya zo da farin gyale a wuya wanda Dona Cidinha ta yanka daga labule. Ƙarfe tara da rabi aka busa usur, muka fita, ni ina gefensa.

Kilomita ashirin na farko lafiya lau. Wani manomi ya ɗaga hular kaba yana gaisuwa, na ji motar ta fara laushi, na daka masa tsawa, "Gaisuwa ce! Gaisuwa ce!" Da ƙyar ya wuce.

A mararrabar gonar kofi ta Barreiro ne asirinmu ya tonu. Wata tsohuwa ce tsaye cikin baƙar riga, da ƙaton kek a kan faranti, ta ɗaga hannu ɗaya sama sosai, irin ɗagawar wadda ta saba. Motoci ashirin sun wuce ta suna mata hon.

"Onofre, kada ka kalle ta."

"Dona Filomena ce."

"Ko uwar fada ce."

"Shekararta tamanin, Nivaldo. Bas ɗin Lahadi sai ƙarfe ɗaya."

Sigina ta riga ta fara ƙyaftawa. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Au, Onofre, kai ne? Ina suka kai sauran motar?" Baftismar tattaɓa-kunnenta za ta, ƙarfe goma sha ɗaya, a São Bento. Onofre ya juyo ya kalle ni, irin kallon da yake yi wa samari masu zama a kujerar tsofaffi. Na fita. Wurin da ya rage shi ne ƙarfen ɗaure kaya da ke baya, daidai kan inji. Na hau na riƙe da hannu biyu.

Shigar Dona Filomena kaɗai ta ci minti goma, don kujerar a ƙasa take, gwiwoyinta kuma ba sa karɓar umarni. Da muka tashi ta kafa doka: kada a wuce arba'in, saboda kek. Tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu, ni kuma ina gasuwa daga ƙasa.

Ba mu yi nisa ba muka ji ruri a baya. Jar motar Doutor Laércio ce, mai ƙaton inji a gaba, ta zo ta shafe mu kamar muna tsaye. Ya ɗaga mana yatsu biyu. Na ga ƙeyar Onofre ta sunkuya. Shekara tara ke nan suka wuce cikin jan fenti, kuma na ji tausayinsa har na manta da wandona.

"Wane ne wannan mara kunya?" in ji tsohuwa.

"Shugabanmu ne, Dona."

"Shi ya cire min haƙorin da ba ya ciwo."

Onofre bai yi dariya ba. Ya ci gaba da arba'in ɗinsa, don ko an rasa tambari akwai fasinja.

Saura kilomita shida, bayan gada, sai ga jar mota a gefen titi, shugaba na tsaye kusa da ita hannu a aljihu yana kallon duwatsu kamar ya zo yawon shan iska. Mun san abin da ya faru: mai ne ya ƙare masa. Agogon man da ke motarsa na asali ne, daga Ingila ya yi odarsa, yana nuna wa kowa, amma bai taɓa yarda a haɗa masa waya ba don kada a huda shi. Shekara shida allurar tana kan rabin tanki.

Na buga bayan kujera. "Compadre, taka! In ka wuce shi kai ne a gaba! Tambari naka ne!"

Onofre ya rage gudu har kaza za ta iya rakiyarmu. Muka zo daidai da shi. Shugaba bai ciro hannu daga aljihu ba.

"Barka da hutawa, Doutor," in ji Onofre.

"Barka. Ina duba wani abu ne."

"To, a duba lafiya."

Muka gota shi a hankali. Raina ya yi fari. Sai na lura idon Onofre ba ya kan hanya, yana kan madubi. Na waiga. Rana ta take, babu inuwa, babu wata mota a baya, kuma mutum ɗari biyu na jiran jawabin shugaba. Hannun Doutor ya fito daga aljihu, ya sosa kunne, ya gyara hula, sannan ya tashi sama kaɗan, iya kafaɗa.

Birki ya kama.

Doutor ya iso yana haki, ya tsaya a gefen Dona Filomena yana jiran ta fahimci ko shi wane ne. Ta gyara riƙon kek ta ce, "Baya akwai wuri, ɗana." Na matsa masa. Farin wando ne a jikinsa, ban gaya masa komai game da injin ba, na bar shi ya gano da kansa.

Da muka shiga gari Doutor ya sunkuyo ya ce, "Seu Onofre, sauke ni a nan kwanar, zan ƙarasa da ƙafa." Wannan ne karo na farko da ya sa masa Seu, lakabin girmamawa a wajenmu.

"Cikin gari ba a saukewa sai a tasha, Doutor. Tasha kuma tana dandali."

Haka muka shiga, 'yan badujala na busa, motoci ashirin a jere suna sheƙi, ga tsohuwa da kek a gaba, ga likita da wanzami a kan ƙarfen kaya suna ɗaga mazaunai bi da bi. Dandali ya ɗauki tafi da shewa. Rabin mutanen tsofaffin fasinjojinsa ne, suna ta kiran sunansa.

Sakataren ƙungiya ya zo da littafi da tambari a hannu, ya rasa abin da zai rubuta. "Shugaba, tare kuka shigo. Ya riga ka ko ka riga shi?"

Doutor Laércio ya sauko yana ɓamɓare wando daga jiki. Ya kalli kujerar direba, ya kalli inda ya zauna, ya ce, "Kai makaho ne? Yana gabana. Ba shi abinsa."

Aka miƙa wa Onofre. Bai fito ba, bai kashe inji ba, hannunsa ɗaya na kan sitiyari. Na zagayo don in tsokane shi, sai na tarar hawaye na bin gashin bakin nan. Na fasa, na dafa kafaɗarsa.

"Nivaldo," ya ce, "sau dubu nawa na shigo dandalin nan da mutanen nan a bayana. Yau ne na fara ganin fuskokinsu gaba ɗaya."